Motar da Aka Sake wa Komai: Tsokaci kan Asali da Amanar Gyara

A ranar kasuwa, tun kafin rana ta yi zafi, motocin ƙauye kan fara shigowa tashar Mayahi ko ta Tasawa daga hanyoyin jigawa, ɗauke da buhunan hatsi da wake da aya, da awaki a ɗaure, da mutane zaune bisa kaya. Yawancin motocin da ke wannan aiki ƙirar Japan ne, amma nan da can ana cin karo da tsohuwar Land Rover ta Ingila, wadda shekarunta suka kai na direbanta da na karen motarsa in an haɗa. Wanda ya tsaya ya dube ta da kyau zai tarar injin da ke cikinta daga wata mota aka ciro shi, ƙofofinta biyu kowace da launinta, tankin mai kuwa jarka ce a ɗaure kusa da direba, ga tabon walda a sasi kamar ɗinkin ƙwarya. Duk da haka mai ita ba ya shakkar cewa ita ce dai motar da mahaifinsa ya saya a gwanjo, kuma da sunan da aka laƙaba mata tun wancan zamani ake kiranta a tasha.

A can Ingila, ƴar'uwar wannan mota tana wata rayuwa dabam. Wani ya saye ta a ruɓe, ya kwance ta noti bayan noti, ya shafe shekaru yana neman kowane ƙarfe irin wanda masana'anta ta sa mata tun farko, ya fesa mata fenti mai launin shekarar da aka ƙera ta, sannan ya kai ta taron masu sha'awar tsofaffin motoci, irin wanda ake yi a Goodwood kowace Satumba tun 1998. A can za a ajiye ta bisa ciyawa, mutane su kewaye ta suna leƙen lambar inji. Ba za ta ƙara ɗaukar buhu ko ɗaya ba.

Mutum biyu ne, kowannensu ya ƙi yarda mota ta mutu, kowannensu kuma yana kiran aikinsa gyara. Tambayar da ke gaban mai karatu ita ce: wane ne a cikinsu ya riƙe amanar abin da ke hannunsa, kuma ga wa ake bin wannan amana?

Asalin motar

An ƙera Land Rover ne saboda rashi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ƙarfe ya yi wuya a Ingila, gwamnati ce ke raba shi ga masana'antu. Maurice Wilks, babban mai zanen motoci na kamfanin Rover, yana da gona a tsibirin Anglesey inda yake aiki da wata jif ta sojan Amurka, sai ya yi tunanin ƙera wadda za ta maye gurbinta ga manoma. Aka yi sasi da ƙarfe, aka lulluɓe jikin da alminiyam domin shi ya fi samuwa, aka nuna motar ga duniya a birnin Amsterdam ranar 30 ga Afrilu, 1948. Jikinta shafaffe ne, da noti da ƙusa aka haɗa shi, yadda mai sifana da guduma zai iya kwance shi ya mayar.

Waɗannan siffofi su ne suka tsawaita ranta a ƙasar Hausa. Alminiyam ba ya tsatsa, busasshiyar iskar Sahel kuma ba ta cin sasi kamar yadda damshi da gishirin titi suke cinsa a Turai. Motar ta yi wa masu mulki da likitocin dabbobi da ma'aikatan ayyukan raya karkara hidima, in ta tsufa a sayar da ita, ta faɗa hannun ƴan kasuwa. Babbar hanyar kwalta da ta taso daga Yamai ta ratsa Maraɗi da Tasawa zuwa Damagaram ba ta kai ƙauyukan da ke arewa da ita ba. A wancan zamani, daga bakin kwalta zuwa garuruwa irin su Urafan da Isawan da Kanambakashe, ko ƙauyukan da ke gefen Gulbin Kaba, rairayi ne mai cinye taya, sai mota mai ja da ƙafa huɗu.

Sannu a hankali motocin Toyota suka karɓe fagen. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, farashin duk wani kayan gyara da ake shigowa da shi daga waje ya yi tsalle, kanikawa suka ƙara dogara ga kwance da dabarar hannu da abin da za a samo daga kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano. Ita ma wannan hanya takan toshe: Nijeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. A Ingila kuwa, ranar 29 ga Janairu, 2016, mota ta ƙarshe daga wannan tsohuwar zuriya ta fito daga masana'antar Solihull, bayan an ƙera sama da miliyan biyu. Wata guda kafin haka an yi gwanjon wadda ta cika miliyan biyun a kan fam 400,000. Tun daga nan darajar tsofaffin ta ƙara hauhawa a wurin masu tarawa.

Ita ce, ko ba ita ba ce?

Tambayar ko abin da aka sake wa komai yana nan a matsayinsa ta daɗe a duniya. Marubucin Girka Plutarch ya ba da labarin jirgin ruwan Theseus, wanda mutanen Atina suka adana shekaru aru-aru, duk katakon da ya ruɓe su cire su sa sabo, har masana suka rabu biyu: wasu suka ce jirgin ne dai, wasu suka ce wani ne. A 1655 Thomas Hobbes ya ƙara wa matsalar nauyi: in wani ya riƙa tsince tsofaffin katakan da ake zubarwa, ya haɗa su ya tayar da jirgi, wanne ne na Theseus a cikin biyun?

Wannan ba gardamar masu zaman banza ba ce, domin ta taɓa kai mutane gaban alƙali. A 1990 wata babbar kotu a Landan ta saurari ƙara kan motar tsere ƙirar Bentley da ake wa laƙabi da Old Number One, wadda ta ci gasar Le Mans a Faransa a 1929 da 1930. An yi cinikinta a kan fam miliyan goma, daga baya mai saye ya ja da baya, ya ce ba ita ba ce, tun da an sake mata sasi da inji da jiki, ta kuma yi mummunan haɗari a filin Brooklands a 1932, inda direbanta Clive Dunfee ya rasu. Alƙali Otton ya yanke hukunci cewa ita ce. Hujjarsa ita ce tarihinta bai taɓa yankewa ba: kowane canji an yi shi ne a jikin motar da ke nan, don ta ci gaba da aikinta, kuma babu wata mota a duniya da za ta iya da'awar sunan.

In aka auna da wannan ma'auni, motar tashar Mayahi ta ci jarrabawa. Ba ta taɓa daina zama mota ba, kowace walda da ke jikinta shaidar wata tafiya ce. Sai dai ƙungiyar duniya ta masu tsofaffin motoci, wato FIVA, ba za ta ƙirga ta cikin motocin tarihi ba, domin a ƙa'idarta motar tarihi ita ce wadda ta kai shekara talatin, aka adana ta a siffarta ta asali, kuma ba a zirga-zirgar yau da kullum da ita. Wato aikin da ya raya motar shi ne ya fitar da ita daga sahu.

Bahaushe bai cika shan wahala da wannan tambaya ba, saboda kusan duk abin da ya gada da sabuntawa yake rayuwa. Soron ƙasa sai da yaɓe. Wanda aka bari a yadda magini ya gama shi, damina kaɗan za ta mayar da shi tudu. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, an fara gina ta a farkon ƙarni na 16, aka sake gina ta a 1844, ana kuma yi mata yaɓe har yau, amma ba wanda ya ce wata hasumiya ce. Tambarin fada, a Tasawa ko a Katsina, fatarsa takan yage a sake ta, ya ci gaba da zama tambarin kakanni. Rijiyar gari ana yashe ta, a sake mata baki, sunan wanda ya fara haƙa ta bai gushe ba. A wannan tunani, asalin abu yana cikin aikin da yake yi da jerin hannayen da suka kula da shi. Masana adana kayan tarihi ma sun matso kusa da wannan ra'ayi a taron Nara na ƙasar Japan a 1994, inda suka amince cewa kowace al'umma tana da hanyarta ta auna sahihancin abin da ta gada.

Haƙƙin mai adanawa

Ba adalci ba ne a ɗauki Baturen da ke goge motarsa a matsayin mai kuɗin da ya rasa abin yi. Abin da yake tsarewa shaida ce. Saboda irinsa ne wanda aka haifa bayan shekara ɗari zai iya ganin yadda aka haɗa motar 1948 da idonsa, ya taɓa da hannunsa. Saboda kasuwarsa ne kuma wasu ƙananan masana'antu suke ci gaba da ƙera kayan gyaran motocin da aka daina yi tuntuni.

A ƙasar Tasawa da Mayahi, ranar da mota ta tsaya ba ta ɗaukar lokaci kafin ta watse. Maƙeri ya ɗauki sifirin ya ƙera gatari da wuƙa da hauya. Mai walda ya ɗauki ƙafafun baya ya yi amalanken shanu. Jikin alminiyam a narke shi a zuba tukwane da ludaya, taya ta koma takalmi da igiyar guga. Babu abin da ya tafi a banza, kuma wannan abin yabo ne. Amma babu abin da ya rage na shaida. Motar da ta yi shekara arba'in tana kai marasa lafiya asibiti, ta kai amare gidajensu, ta yi jigilar hatsin agaji a shekarun yunwa, takan ɓace ba hoto ba rubutu. Direbobin da suka san kowace jigawa da sunanta suna tafiya ɗaya bayan ɗaya da labarinsu. Al'ummar da ta iya adana takobin sarki da kandirinsa tana iya tambayar kanta dalilin da ya sa kayan aikin talaka ba su cancanci ko kusurwa ɗaya a gidan tarihi ba. A nan mai adanawa yana da abin koyarwa.

Inda rai ya shiga

Akwai kuma wani kuskure da ya fi na farko haɗari, shi ne a mayar da talauci abin sha'awa. Baƙo yakan zo ya ɗauki hoton motar, ya yaba hikimar bakaniken da ya tayar da inji da waya da guntun roba, ya koma cikin motarsa mai sanyi. Mai tsohuwar motar ba don ƙaunar tarihi yake riƙe da ita ba; da zai sami sabuwa gobe, da ya sallame ta. Matar da ke zaune bisa buhu da jariri a goye ba ta zaɓi wannan mota ba, ita ce kaɗai ta biyo ta ƙauyensu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma yankin Afirka ne ke kan gaba in aka kwatanta da yawan jama'a, alhali shi ne mafi ƙarancin motoci. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta ƙididdige a 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kashi 40 cikin ɗari suka nufo Afirka. Tsufan mota ba shi kaɗai ke kisa ba. Akwai gudu, da lodin da ya wuce kima, da lalacewar hanya. Amma motar da aka ƙera don mutum goma, aka ɗora mata talatin da kayansu, birkinta kuma na zamanin da ne, ba ta bar wa direba wurin kuskure ba.

A nan ne hanyoyin masu gyaran biyu suka rabu. Dukansu suna iya yin algus. Mai adanawa yana iya buga lambar ƙarya a jikin inji, ya sayar da haɗe-haɗe da sunan asali. Wanda ya cuta zai yi asarar dukiya. Bakanike yana iya shafa baƙin mai a kan tsagewar sasi don kada mai saye ya gani, ko ya danne tiyon birkin ƙafa ɗaya da ke yoyo ya bar motar da birki uku; wanda ya cuta bai ma san an yi cinikin ba, yana can ƙauye yana jiran mota. Ana bin na farko gaskiya game da abin da motar ta kasance jiya. Na biyu ana binsa gaskiya game da halin da take ciki yau, kuma masu binsa bashin su ne fasinjoji, waɗanda ba su da hannu a yarjejeniyarsa da mai mota.

Abin lura shi ne ƙa'idar da ta hau kansu iri ɗaya ce. Yarjejeniyar Venis ta 1964 kan gyaran gine-ginen tarihi ta shar'anta cewa duk abin da aka ƙara a wurin gyara ya zama ana iya bambance shi da na asali, don kada gyara ya zama ƙarya. Fikihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Maraɗi da Tasawa ya wajabta wa mai sayarwa bayyana aibin da ya sani a hajarsa, ya kuma ba mai saye damar mayar da ita in an ɓoye masa. Hanyoyi biyu ne da ba su san juna ba, suka haɗu a kan magana ɗaya: faci ba abin kunya ba ne, ɓoye shi ne laifi. Walda da ke fili, kowa na ganinta, ta fi fenti mai sheƙi da aka rufe tsaga da shi.

To, sai a ce a hana tsofaffin motocin hawa hanya baki ɗaya? Wanda ya faɗi haka daga birni bai lissafa abin da zai maye gurbinsu ba. In motar ta daina zuwa, mai naƙuda za ta hau amalanke ko bayan babur, manomi ya sayar da wakensa a bakin gona a kan farashin da ɗan kasuwa ya ga dama. Da babu gara ba daɗi, in ji masu iya magana. Sai dai wannan karin magana yana da iyaka, domin an sha fakewa da shi a ci amana. Rashin hanyar kirki nauyin hukuma ne, kuma ba ya wanke mai motar da ya karɓi kuɗin birki ya sa a aljihu. Talaucin mai mota ba ya wanke ɗan kamashon da ya ƙara mutum biyar bayan mota ta cika, ko ma'aikacin da ya buga hatimi a takardar duba lafiyar motar da bai gani ba. Kowa yana nuna na kusa da shi, alhali nauyin ya rabu ne a kansu duka, rabon kowa kuma nasa ne.

Sanin lokacin tsayawa

Akwai wani aiki da ke kan bakanike wanda mai adanawa ba ya fuskanta. Mai adanawa, in yana da kuɗi, yana iya raya kowace mota, domin ba ta da wani aiki sai a kalle ta. Bakanike kuwa dole wata rana ya kalli sasin da aka yi wa walda a kan walda, ya gane ƙarfen ya gaji, ba sauran wurin da zai riƙe. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba wanda ya kai shi sanin gaskiyar motar, har mai ita. A wannan rana abincinsa yana cikin ya yi shiru ya ƙara faci ɗaya, ya karɓi ladansa. Mai motar ma, wanda iyalinsa ke ci daga gare ta, abin da yake so ya ji ke nan. Faɗin cewa ta gama yana nufin rasa aiki, wataƙila da rasa aboki, kuma mai motar yana iya kai ta garejin gaba a yi masa abin da yake so.

Duk da haka, a nan ake gane wanda ya iya sana'ar. Hannu mai dabara yana da yawa a garejin Tasawa da Maraɗi, kuma ya cancanci duk yabon da ake masa. Abin da ya fi wuya shi ne a haɗa dabarar da iya cewa a'a. Mai gyaran da ya ƙi taɓa motar da ba ta gyaruwa bai ci amanarta ba, domin tun ranar da aka zana ta a Ingila don hidimar mutane aka yi ta. Ranar da ta koma barazana gare su, miƙa ta ga maƙeri shi ne cikon aikinta.

Saboda haka amsar tambayar farko ba ta tsaya a kan ɗayansu ba. Mai adanawa ya riƙe siffar motar, yana da lada gwargwadon gaskiyar da ya faɗa game da ita. Bakaniken karkara ya riƙe aikinta, nauyinsa kuma ya fi girma domin rayuka ne a kai. Abin da zai wuce su duka biyun shi ne yaron da ke tsugune a gefen maigidansa yana miƙa sifana. Zai koyi yadda ake dasa injin wata mota a jikin wata, zai koyi jin ciwon inji daga ƙararsa. Zai kuma ga abin da maigidan ya yi ranar da aka kawo mota mai tsagaggen sasi, mai ita yana roƙo, kasuwa kuma gobe ce. Abin da ya gani a ranar shi zai yi a nasa garejin bayan shekara ashirin, a kan motar da ba a ƙera ba tukuna.